Dandamali da kujera a jirgin kamun kifi: amsa ga mai tambaya daga Bukuru

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi jirgin faiba na hannu, tsawonsa ƙafa 14, faɗin bakinsa ƙafa 5, ƙasansa kuma santimita 110, da inji mai ƙarfin doki 15. Ina fita da shi kamun kifi da fatsa a kududdufan tsohuwar haƙar kuza da ke wajen Bukuru, wani lokaci ƙanena ya bi ni ya jefa birgi. So nake in cire bencin tsakiya, in shimfiɗa dandamali a gaba daidai da bakin jirgin, in kafa kujera mai juyawa a kai, irin wadda nake gani a bidiyon masu kamun kifi na Amurka. Kafinta ya ce in sayo marin bod mai kauri da katakon madaci. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Aikin zai yiwu, amma abu biyu cikin ukun da ka lissafa sai an gyara su: bencin tsakiya ba zai fita ba, dandamalin kuma ba zai kai bakin jirgi ba. Shawarar kafintanka shawarar mai rufin gida ce, inda nauyi ba ya cutar da kowa.

Jiragen da kake gani a bidiyo faɗinsu yakan haura mita biyu, ga ƙaton inji a baya, ga batura da tankin mai can ƙasa suna danne su. Shi ya sa mutum ke tsayawa a samansu kamar yana tsakar gida. Naka ƙasansa santimita 110 ne. Jirgi yana tsayawa daidai ne saboda faɗinsa da kuma kusancin nauyinsa da ƙasa, kuma a ƙaramin jirgi babu kayan da ya kai mutum nauyi. Idan ka tsaya, tsakiyar nauyinka tana wajen cibiya, kusan mita ɗaya daga tafin ƙafa. Ka ɗora kanka a kan dandamali mai tsayin rabin mita, ka ƙara wa wannan nauyin rabin mita, ka kuma rasa gefen jirgin da gwiwarka ke dafawa idan ka yi tangaɗi. Ga gaban jirgi shi ne wurin da ya fi ƙunci. Sai ƙanenka ya murɗa jiki ya wurga birgi, jirgin ya karkata, babu abin da zai tare shi. A jirgi mai wannan faɗi, ra'ayina dandamali ya tsaya tsakanin santimita 15 da 20 daga ƙasa. Iyakar abin da zan lamunta shi ne tsayin bencin gaba, wanda yawanci ba ya wuce 30, shi ma sai gwaji ya nuna jirgin ya yarda.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka jera bulo ko guntayen katako a gaban jirgin har tsayin da kake so, ka ɗora falanki, ka ajiye jarkoki biyu masu lita 25 cike da ruwa a wurin, domin su tsaya a madadin nauyin kayan da za ka saka. Ka sa rigar kariya, ka hau, ka matsa dama, ka matsa hagu, ka sunkuya kamar za ka ɗauko kifi daga ruwa, wani yana baya a inda mai tuƙi ke zama. Ka auna tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi a gefen da ya yi ƙasa. Idan ba ta kai santimita 15 ba, ko ka ji jirgin yana jinkirin dawowa daidai bayan ya karkata, ka rage bulo ɗaya ka sake. Sai dai ka kula da inda za ka yi gwajin. Kududdufan kuza ramuka ne da aka haƙa, da yawansu ba su da gaɓa mai gangarowa a hankali, taku biyu daga baki sai zurfi. Ka nemi inda ka tabbatar da sanda cewa ruwan iya ƙugu ne, kuma da mutum a tudu riƙe da igiya.

Tun kana cikin ruwan, ka yi wani abu da zai amfane ka daga baya: jirgi na ɗauke da inji da mai da mutane kamar yadda kuke fita, ka sa a zana maka layin ruwa a jikinsa da alƙalamin maka, gaba da tsakiya da baya. Yadda jirgi ke zama a kan tayoyi a ƙofar gida daban, yadda yake zama a ruwa daban. Wanda ya daidaita dandamalinsa da lebur a tudu, sau da yawa yakan tarar a ruwa ya tuntsura gaba, ruwan sama yana taruwa a hancin jirgi. Da ka koma gida sai ka tokare jirgin har wannan layin ya zama shi ne lebur, daga nan duk awonka zai fito.

Batun benci kuwa, a jirgin faiba da na alminiyom bencin tsakiya shi ke riƙe gefe da gefe kada su buɗe ko su matse, kamar yadda azara ke riƙe bango. Ka cire shi, jikin jirgin ya fara numfashi duk lokacin da ya bugi igiyar ruwa, bayan 'yan watanni ka ga tsaga a kusurwar da gefe ya haɗu da ƙasa. Bayan haka, a jirage da yawa cikin bencin rufaffen akwati ne mai iska ko soso, shi ne abin da zai hana jirgin nutsewa idan ya cika da ruwa. Ƙwanƙwasa shi ka ji. Idan abin da ke damunka shi ne tsallake shi, ka bar shi ya zama bangon baya na dandamalin, ko ka ɗora kujerar a kansa. Wanda ya nace sai ya cire, dole ya maye gurbinsa da haƙarƙari mai siffar U wanda ya bi ƙasa ya hau gefe biyu har baki, an lulluɓe shi da faiba, ya kuma mayar da iskar da ya zubar a wani wuri. Wannan aikin ya fi ƙarfin gwajin farko.

Yanzu lissafin nauyi, wanda shi ne ya raba ni da kafintanka. Filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8, kauri milimita 12, yana kai kilo 20 ko 21. Mai milimita 18 yana haura 30. Tu-bai-tu na malaina kusan kilo ɗaya ne a kowace mita, kuma za ka ci mita goma ko fiye. Rezin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa faiba da shi ya daskare, da ƙyallen faiba kilo 4 zuwa 5, kujera da sandarta 6 zuwa 8, noti da hinji da fenti wajen 3. Ka tara, ka ga ka kusa buhun siminti guda, a ajiye a hancin jirgi dare da rana. Idan aka bi ta milimita 18 da madaci, za a doshi kilo 70, wato ka ɗauki fasinja wanda ba ya sauka. Ga wani abin da mutanen Filato ke mantawa: Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, kuma injin fetur yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Dokinka 15 a nan kusan 13 ne kawai. Duk kilon da ka ƙara, injin da ya riga ya gaji ne zai ture shi. Saboda haka milimita 12 ta isa, in dai ƙafafun da ke ƙarƙashi ba su fi santimita 30 zuwa 35 tsakaninsu ba. Ƙarfin dandamali a ƙafafunsa yake, ba a kaurin allon ba.

Idan ka shiga Kasuwar Katako ka ce marin bod, abin da za a miƙo maka yawanci allon nan ne mai baƙar fuska ko ruwan ƙasa mai sheƙi, wanda magina ke zuba simintin dakin bene a kansa. An yi masa wannan fatar ne domin kada siminti ya kama shi, to haka rezin da fenti ma ba za su kama ba. Cikinsa kuma sau da yawa akwai ramuka tsakanin yadudduka. Filawud na jirgi na gaskiya yana ɗauke da hatimin BS 1088, fuskarsa katako ce tsirara, yaduddukansa daidai wa daida ba rami, an haɗa su da gam mai duhu wanda tafasa ba ta sake shi. Yana da wuyar samu kuma da tsada. Mafita ita ce ka nemi filawud mai kyau wanda aka haɗa da gam ɗin waje, ka duba gefensa da kyau, ka ƙirga yadudduka, a milimita 12 kada su gaza bakwai. Kafin ka biya kuɗin allo biyu, ka karɓi guntu kamar tafin hannu, ka jefa a tukunya ya tafasa awa biyu, ka shanya a rana, ka sake tafasawa. Wanda ya buɗe kamar littafi, ka bar musu kayansu. In babu yadda za ka yi sai marin bod ɗin, ka goge fatar da giranda har katako ya fito a fuska biyu. MDF da HDF da allon garin katako kuwa, ko kyauta aka ba ka kada su shiga jirgi.

Katakon ƙafafu: malaina busasshiya ta fi dacewa, ba ta da nauyi kuma ba ta cika murɗewa ba. Iroko yana jure ruwa ƙwarai amma yana da nauyi da maiƙo, sai an goge shi da asiton, wato ruwan da ke cire maiƙo, kafin gam ya kama. Ka ajiye shi don wuraren da noti zai ratsa. Obeche ba shi da nauyi amma ruɓewa yake yi da wuri. Kowanne ka zaɓa, ya zama busasshe. Ɗanyen katako da aka lulluɓe da rezin daga ciki yake ruɓewa, kana ganin waje lafiya lau. Kuma kada a shafa masa baƙin mai kamar yadda ake yi wa katakon rufi don gara: babu gam ko fentin da zai sake kama shi, ga santsi, ga ɓata ruwan da kake kamun kifi a ciki. Mai hali ya yi ƙafafun da angul na alminiyom mai milimita 38 da kaurin 3. Mita ɗaya gram 600 ce kacal, ba ya ruɓewa, ana haɗa shi da ribit mai milimita 4.8.

Jikin jirgi babu miƙaƙƙen layi, don haka kada ka auna da tef ka yanka allo kai tsaye. Ka ja zare daga hanci zuwa tsakiyar allon baya, shi ne layin tsakiya. Ka yanka kwalin firji ko na talabijin ya shiga wurin da 'yar tazara, ka manne shi kada ya motsa, ka ɗauki guntun katako mai faɗin santimita 5 ka bi jikin jirgin da shi, fensir yana gefensa yana zana lanƙwasar a kan kwali. Da ka ɗora kwalin a kan filawud sai ka mayar da santimita biyar ɗin da guntun nan. Ka yi kowane gefe daban, domin tsohon jirgi da wuya dama da hagunsa su zo ɗaya. Gefen jirgi a karkace yake, saboda haka ƙasan allon zai fi samansa ƙunci, sai ka fere bakin. Ka bar tazarar milimita 5 ko 6 tsakanin allo da jikin jirgi ko'ina. Idan bakin filawud ya tokari faiba kai tsaye, jikin jirgin yana lanƙwasa a ko'ina ban da wannan layin, kuma nan ne zai tsage.

Yadda ake kafa ƙafafun a jikin faiba shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kada ka huda jikin jirgi a ƙasa da layin ruwa, kada kuma ka ɗaura sukuru daga ciki kana fatan ba zai fito waje ba, domin kaurin wurin bai fi 'yan milimita ba. Abin da ake yi shi ne a manna 'yan katakai, tsawon santimita 15 zuwa 20, a jikin jirgi daidai layin da dandamali zai zauna, a ɗora ƙafafun a kansu. Wurin da kowanne zai zauna, ka goge shi da samfefa mai lamba 60 ko 80 har fenti ya tafi faiba tsirara ta fito, santimita 10 a kowane gefe. Ka share ƙura, ka goge da asiton da tsumma mai tsabta. Ban da fetur, ban da tina, suna barin maiƙo. Ka kwaɓa rezin da garin katako mai laushi har ya yi kaurin tuwo, ka shafa, ka danna katakon, abin da ya fito ta gefe ka lailaye shi da bayan cokali ya zama kwana mai lanƙwasa, saboda faiba ba ta bin kusurwa mai kaifi, iska takan maƙale a ƙarƙashi. Sannan ka ɗora ƙyallen faiba biyu, na farko faɗin santimita 10, na biyu 15, kana dannawa da burushi har farin ya ɓace ya zama garau. Duk inda ya rage fari, ba ta sha ba.

Rezin iri biyu ne, kuma rikita su na jawo asara. Wanda masu gyaran bambar mota da tankin ruwa ke amfani da shi foliyesta ne, mai wari mai hawa kai. Ana ɗiga masa hadina, maganin da ke sa shi ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo guda. Ka auna da sirinji, ban da murfin kwalba. Tabarmar faiba mai gram 450 tana shan kimanin kilo ɗaya na rezin a kowace murabba'in mita. Ka riƙa kwaɓa gram 300 zuwa 500 a lokaci guda, domin cikin minti 15 zuwa 20 zai fara daskarewa, kuma idan ya yi yawa a gwangwani zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi. A nan sanyin Jos ke shigowa. A Disamba da Janairu safiya takan sauka ƙasa da digiri 15, kuma a irin wannan sanyi foliyesta ba ya bushewa da kyau, sai ya kwana yana danƙo. Maganin ba ambaliyar hadina ba ce, wadda ke sa shi ya yi gautsi ya farfashe. Ka jira rana ta ɗaga, ka yi aikin tsakanin sha ɗaya da uku, a inuwa, a inda ƙurar hunturu ba ta sauka a kai. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba: katakon da ya kwana a waje a Agusta ba ya karɓar rezin. Idan an haɗo maka da wani ruwa mai launin shunayya, wato kobal, ka juya shi cikin rezin tukuna ya gauraye sarai. Haɗa shi da hadina kai tsaye wuta ce. Ka sa safar hannu da tabarau, ɗigon hadina ɗaya a ido na iya makantarwa, ka kuma rufe hanci lokacin guga.

Na biyun ifoksi ne. Ya fi tsada nesa, ya kuma fi kama katako da tsohuwar faiba nesa. Shi ana haɗa shi ne daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, biyu da ɗaya ko biyar da ɗaya, kuma ƙara masa hadina ba ya sa ya yi sauri, lalata shi yake yi. Da saƙaƙƙen ƙyalle ake aikinsa, domin yawancin tabarmar faiba an yi ta ne don foliyesta ya narkar da abin da ke riƙe zarenta. Ifoksi yana kama kan foliyesta, amma foliyesta ba ya kama kan ifoksi, sai ka san wanda za ka fara da shi. Idan kuɗinka na gwangwani ɗaya ne, ka kashe shi a kan filawud: shafi uku a fuska biyu, wajen kilo 3 ga allo guda, bakin allon kuma ka yi ta shafawa har ya daina sha, domin ta nan ruwa ke shiga. Ƙasan allon da ba a gani ya fi saman buƙata, can ne laima ke kwana. Foliyesta shi kaɗai a kan filawud ba tare da faiba ba ɓawo yake yi ya tashi. Ifoksi kuma rana na cinye shi, dole a rufe shi da fenti.

Shi kansa allon kada ka manne shi da jirgi har abada. Ka ɗaura shi a kan ƙafafu da sukuru yadda za ka iya ɗagawa ka wanke, ka shanya, ka duba tsaga. Ka ba shi ɗan gangare zuwa baya, santimita ɗaya a kowace mita. Duk katakon da ya gitta ƙasan jirgi, ka yanke masa ƙofa mai faɗin santimita 2 da rabi a wurin da ya fi zurfi, domin ruwa ya wuce baya inda ake kwarfewa. Abin da ya sa nake matsawa a nan: ruwa mai zurfin santimita 5 kacal a ƙasan da ya kai mita 3 da faɗin santimita 110 lita 165 ne, kilo 165 ke nan, kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk gefen da ka karkata can zai bi ka. A buɗaɗɗen jirgi kana ganinsa a ƙafarka ka kwarfe. A ƙarƙashin rufaffen dandamali sai ya taru ba ka sani ba. Don haka ƙofar dubawa wajibi ce. Ka yi ta kamar santimita 35 da 45, da katako a ƙarƙashin duk gefenta huɗu wanda ya leƙo santimita 2 don murfin ya zauna, da tazarar milimita 3 ko 4 saboda kumburi. Mariƙinta igiya ce da aka zura ta huda biyu, ba ƙarfen da zai tuntuɓe ka ba.

Tunda ana jefa birgi a jirgin, wannan ya shafi komai da ke saman dandamali. Kan noti, kunnen hinji, kusurwar allo, duk abin da ya ɗago ko da kaurin farce, zaren koma zai same shi. Ka yi amfani da sukuru mai kai lebur ka nutsar da shi, ka lailaye kowace kusurwa, sannan ka ja tsohuwar koma a kai ka ga inda za ta maƙale.

Ƙarfen ɗauri duka ya zama silba marar tsatsa. A kan notin kirki za ka ga A2 ko A4. A ruwan daɗi irin namu A2 ya wadatar. Ka tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu, wanda ya manne masa da ƙarfi ka ajiye shi. Baƙin sukurun silin da kafintoci ke so damina ɗaya zai yi ya karye a cikin katako. Kowace huda a filawud ƙofar ruwa ce. A wuraren da ke ɗaukar nauyi, ka huda ta fi notin faɗi, misali milimita 12 don noti mai 8, ka toshe ƙasa da salatif, ka cika da ifoksi mai kauri, ya bushe, ka sake huda 8 a tsakiya. Sauran hudojin ka ɗiga musu gam ɗin foliyuretan irin Sikaflex 291. Silikon ɗin gilashi mai warin tsami ba ya riƙe katako, fenti kuma ba ya hawa inda ya taɓa.

Sai kujera. Mai juyawa a kan sanda ƙarfinta duka a gindinta yake ƙarewa: ka jingina baya, sandar ta zama abin ɓanɓaro, tana neman tumɓuke notin gaba. Ka ninka tsayin sandar, ka ninka wannan ƙarfin. Sukuru a cikin allo mai milimita 12 ba abin da ya riƙe sai milimita 12 na katako, ranar da zai saki kuwa ranar da ka jingina da dukkan nauyinka ce, sai dai a tsamo ka. Dole noti ya ratsa, mai milimita 8, a duk hudojin gindin, a ƙarƙashi kuma a sa allon ƙarfafawa: filawud mai 18, faɗin santimita 35 da 35, an manne shi da gam, ko farantin alminiyom mai kaurin 4 zuwa 5. Manyan washa, da noti mai roba a ciki wanda girgizar inji ba ta kwance shi. Gindin ya zauna tsakanin ƙafafu biyu, a kan layin tsakiya daidai. Tsayin mazaunin daga ƙasan jirgi, an haɗa da dandamali, kada ya wuce santimita 45 a jirgi irin naka, wato sanda mai 20 zuwa 25 ke nan. Ka sayi irin wadda ake zare sandar a ajiye, domin ranar birgi filin ya zama fayau. Kujerar ofis da ake cire wa tayoyi a dasa, ƙarfenta na tsatsa, sosonta na shan ruwa, ga nauyi. Kujerar roba da aka yanke wa ƙafafu aka ɗaura a kan faranti mai juyawa ta fi ta sau goma. Kuma kujerar gaba ta zaman kamu ce. Inji na tafiya, kowa ya sauko benci.

Kujerar mai tuƙi ba a sa ta a tsakiya. Hannun injin da hagu ake riƙe shi, don haka ka matsar da ita dama kamar santimita 20 zuwa 25, ka gwada juya hannun har ƙarshe ta kowane gefe kafin ka huda, ka mayar da tanki ko batir hagu su daidaita nauyin. Idan bencin baya rufaffe ne ba ka iya sa hannu a ciki, kada ka huda shi. Ka yi allo mai leɓe gaba da baya wanda zai hau kansa kamar sirdi, ka ɗaura kujerar a kan allon, ka ɗaure shi da bel.

Wurin da ya samu a ƙarƙashin dandamali zai ja hankalinka ka cusa tanki da batir. Kada su kwana ɗaki ɗaya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya daga kan batir ya ishe shi. Tanki ya zauna a fili. Batir ya shiga akwatin roba mai hudar iska, a ɗaure, da fis a kan jar waya kusa da kansa, cikin santimita 18. Abin da ya dace da sauran wurin shi ne iska. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya. Faiba a cikin ruwa kusan sulusin nauyinta ne kawai ke saura, don haka jirgi mai kilo 120 yana neman lita 40, inji wajen 40, batir wajen 20, sai ka ƙara 50 don mutanen da za su riƙe shi. Lita 150 ke nan, jarkoki shida masu lita 25, ko gorunan ruwa ɗari masu lita ɗaya da rabi, a rufe gam, a cikin buhu. Abin da ke cikin bencinka ya rage maka wani abu daga lissafin. Ka ɗaure su yadda ba za su fice su bar jirgin ba, ka raba su gefe da gefe, kaso mai yawa a baya kusa da inji, kuma a sama gwargwadon iko. Idan duk iskar tana ƙasa a tsakiya, jirgin da ya cika da ruwa juyewa zai yi ciki sama. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji yana ɗagawa, amma fetur da foliyesta na narkar da shi, sai an naɗe shi a leda mai kauri. Soson katifa kuwa ruwa yake sha.

Saman dandamali, ka manta da kafet. Yana riƙe ƙarnin kifi da ƙugiya, yana hana allo bushewa. Ka shafa fentin mai, tun yana ɗanye ka barbaɗa yashin rafi wankakke busasshe da rariya har ya rufe, washegari ka share wanda bai kama ba, ka bi da shafi biyu. Ka zaɓi toka-toka mai haske ko ruwan madara. Baƙi da shuɗi mai duhu, da rana ta take a Maris ba ka iya taka su da ƙafa tsirara, farin tas kuma yana kashe ido.

Idan ka ga kuɗin rezin ya yi yawa, akwai hanyar da ta fi arha, kuma ga mai birgi ina ganin ta fi: falankan malaina masu faɗin santimita 7 da kaurin 2, a jera da tazarar santimita ɗaya a kan ƙafafu, a yi su gida biyu ko uku da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, a sha su da fentin mai shafi uku. Ruwa na zubewa ta tsakani, kana ganin abin da ke ƙasa, wanda ya ruɓe ka canza shi shi kaɗai. Sai dai gindin kujera har yanzu yana son allonsa na filawud a ƙarƙashi, an ɗaure shi da ƙafafu biyu.

Ranar da ka gama, ka koma inda ka yi gwajin farko da rigar kariyarka, ka duba layin da ka zana. Idan gaba ya nutse fiye da baya da abin da ya wuce santimita 3, ka mayar da anga da akwatin kaya baya. Ka watsa bokiti biyu a kan dandamali ka bi ruwan da ido har ya isa inda ake kwarfewa. Inda ya tsaya, akwai ƙofar da ba ka yanka ba. Bayan fita uku ko huɗu ka bi duk notin da sifana, domin sabon katako yana matsewa su yi sako-sako, musamman na gindin kujera.